Tambaya da Amsa: Ɗalibai uku, darasin jita ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da jita da yamma a Damagaram, kuma ɗalibaina uku ne: yaro ɗan shekara 10, da wani ma'aikaci mai iyali, da saurayi wanda ya daɗe yana kaɗa gurmi. Darasi ɗaya nake ba su, amma saurayin ya fara gundura, yaron kuma kullum kukan ciwon yatsu yake. Me ya kamata in gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Darasin ne ya kamata ka raba, ko da kuwa za su ci gaba da zama a tabarma ɗaya.

Bari in fara da mai gurmi, domin a ganina shi ne aka fi tauyewa. Wannan saurayi ya zo maka da kunne mai gane amo da hannun dama wanda ya riga ya san kari, don haka zaunar da shi yana haddace sunayen tsirkiyoyi shida tare da yaro ɓata masa lokaci ne. Ka ce ya rera wani kiɗa da ya saba kaɗawa, sannan ya nemo shi a tsirkiya ɗaya ko biyu na jitar, a hankali ya watsa shi zuwa sauran. Kiɗanmu na gargajiya da yawa a kan sauti biyar yake tafiya, kamar yadda ake ji a salon Buzayen Agadas, saboda haka yatsunsa za su sami hanya da wuri. Abin da zai ba shi wuya shi ne danne tsirkiyoyi uku ko huɗu lokaci guda, kuma a nan ne za ka tsaya masa da haƙuri. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma bahago ne, abin da ya tuna mini cewa ya kamata ka duba hannun da kowane ɗalibi ya fi ƙarfi da shi kafin ka ɗora masa jita.

Shi kuwa yaro, matsalarsa ta kayan aiki ce. Ka nema masa ƙaramar jita mai tsirkiyar nailan, wadda ta fi ta ƙarfe laushi, kuma ya riƙa ajiyewa da zarar yatsun sun fara zafi, har bakinsu ya yi kanta cikin 'yan makonni.

Ma'aikacin lokaci ne ba shi da shi. Minti 15 kullum bayan sallar isha'i ya fi masa amfani a kan awa uku ranar hutu, kuma ka bar shi ya zaɓi kiɗan da yake so ya iya, ka gina darasinsa a kansa. Tunda hunturu na busar da katako har saitin tsirkiya ya riƙa kwancewa, ka koya wa dukansu saita jita da kansu, su kuma riƙa mayar da ita cikin jakarta nesa da rana.