Amsa kan ko Abubakar Imam fassara ya yi ko ƙirƙira

Malama, kin tambaya ko gaskiya ne cewa Abubakar Imam aro labaran Magana Jari Ce ya yi daga littattafan wasu al'ummu, kuma in haka ne, ina gwanintar da ake yaba masa. Na daɗe ina karantar da littafin a makarantar sakandare, ga abin da na fahimta.

Aron gaskiya ne. Bayan Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, an ɗauko Imam daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna ya fitar da juzu'i uku. Hatta dabarar sa aku ya riƙa ba da labari dare bayan dare don ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita, tana da asali a adabin Indiya da Farisa.

Sai dai ki duba labarin Kalala da Kalalatu. Tushensa tatsuniya ce ta Jamus game da wata mai dafa abinci da ta cinye kaji biyu, ta tsorata baƙon ubangidanta da wuƙar da ake wasawa. Imam ya mayar da ita matar aure, abin ya koma rikicin miji da mata da kunyar baƙo, wanda kowane Bahaushe ya san nauyinsa. Wata shekara na karanta wa ɗalibaina shi ranar Alhamis da rana, suna ta dariya har da buga benci. Da na faɗa musu inda ya samo asali, wata yarinya ta rantse cewa kakarta ta taɓa ba ta shi a tsakar gida. Ban musa mata ba.

A ganina gwanintarsa tana cikin bakin mutanensa: yadda bafade yake kirari, yadda waziri yake lulluɓe makirci da ladabi, da yadda karin magana take faɗowa daidai gurbinta ba tare da an jawo ta ba. Ya taso a gidan malamai a Kagara, ya san Larabci kafin boko, kunnensa kuma ya ƙoshi da zancen fada. Wannan kunnen ne ya kai Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa ta a 1939.