In haɗa sabuwar kwamfuta ta aiki da gem, ko in gyara tsohuwar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon zane da buga takardu a Kano, muna yin katin biki, fosta, bana da kalanda. Kwamfutata Dell OptiPlex ce tokumbo, Core i5 zubi na huɗu, RAM 8GB, kuma ta yi nauyi ƙwarai. Yanzu ana kawo mini aikin haɗa bidiyon biki, sai dai in kai wa wani ya yi mu raba kuɗin. Na kwashi adashi naira miliyan ɗaya da dubu 200. Ƙanena ya ce mu haɗa babbar kwamfuta mai katin girafik, da rana in yi aiki, da dare ya sa wa yara gem su biya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa wannan adashi albarka. Sana'a biyu ƙanenka ya cusa a akwati ɗaya. Ta farko tana hannunka, ka san kwastomominta, har aiki yana fin ƙarfinka kana kai wa maƙwabci. Ta biyu kuwa zato ce, ko kwabonta ba a gani ba tukuna. To abin da ya fi komai tsada a cikin kwamfutar da yake so, wato katin girafik, mai sarrafa hoton da ke fitowa a allo, na sana'ar zaton ne. CorelDRAW da kake zana katin biki da shi furosesa da RAM ya fi ci. Photoshop ma ba ya neman babban kati don irin aikin fosta. Bidiyo ne kaɗai a cikin ayyukanka da kati zai iya taimaka wa, shi ma ya danganta da manhajar da za ka yi amfani da ita: DaVinci Resolve tana dogara da kati sosai, Premiere Pro da CapCut kuwa suna tafiya da bidiyon 1080p a kan furosesa mai kyau ba tare da kuka ba.

Kafin ka je kasuwa, ɗauko littafin shago ka duba wata shida da suka wuce. Nawa ka miƙa wa mai haɗa maka bidiyo? Abin da yake karɓa kowane wata shi ne abin da sabuwar kwamfutar za ta riƙa shigo maka da shi, ba ƙari. A ce dubu 60 ne a wata, inji na dubu 700 zai dawo da kuɗinsa cikin shekara guda, wannan ciniki ne mai kyau. In dubu 15 ne, sai ka yi kusan shekara huɗu kana jira, lokacin nan injin ya tsufa. Ni a ganina duk kayan lantarkin da ba zai biya kansa cikin wata 18 ba, bai kamata ya ci jarin ƙaramin shago ba. Akwai kuma tambayar da ba ka amsa ba: ka iya haɗa bidiyon da hannunka? In sai ka ɗauki yaro, sa ladansa a lissafin.

Yanzu tsohuwar. Kada ka yar da ita, kada kuma ka zuba mata kuɗi da yawa. Abu biyu kawai za ka yi mata. Na farko ka cire had dis ɗin nan mai juyawa ka sa SSD, wato ma'ajiyar fayil marar juyawa. Tsohon had dis yana karanta kamar megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA yana kai 500 da ɗoriya, kuma bambancin da za ka ji wajen kunnawa da buɗe fayil ya fi abin da waɗannan lambobi suka nuna. Mafi yawan nauyin da kake kuka da shi daga nan yake. Na biyu ka kai RAM 16GB. Nata DDR3 ne, ana samunsa tokumbo da sauƙi. Daga nan ka tsaya. Wani a kasuwa zai ce maka a sa mata kati ta zama ta gem. Fawa fak, wato abin da ke raba wa kayan cikin inji wuta, na irin waɗannan OptiPlex bai kai wat 300 ba, kuma Dell ta yi masa nata irin soket, ba kowane fawa fak na kasuwa ne zai zauna a bod ɗinta (babban faifan da ake jona duk kayan a kai) ba sai da adafta. In siririyar ce ma, sai gajeren kati irin GTX 1650 mai cin wat 75 ne zai shiga. Ga kuma maganar Windows: Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'idance tana neman Intel zubi na takwas zuwa sama. Taka ta huɗu ce. Za ta ci gaba da buga takardu da ƙananan zane, amma ba inji ba ne da za a gina gobe a kansa.

In littafin shago ya nuna bidiyon yana da kuɗi, to ka haɗa sabuwa, amma ka haɗa ta ba kati. Akwai furosesa da ke zuwa da nasu girafik a ciki. A ɓangaren AMD akwai Ryzen 5 5600G, mai zama a soket ɗin AM4. Wannan soket tun 2016 yake, kayansa sun cika kasuwa, bod ɗin B450 da B550 ba sa wuyar samu, sai dai in B450 ne ka tabbatar an sabunta masa BIOS, wato manhajar cikin bod ɗin, kafin ka bar shagon. A ɓangaren Intel akwai Core i5-12400 a kan bod ɗin H610 ko B660, kuma girafik ɗin cikinsa yana da Quick Sync da ke saurin fitar da bidiyo. Ka lura da harafin ƙarshe. In ka ga F, kamar 12400F, babu girafik a cikinsa, ba zai nuna ko hoto ba sai ka sayi kati. Da yawa sun ga ya ɗan fi araha sun ɗauka, sun dawo gida allo baƙi ƙirin. Duka biyun suna aiki da DDR4, in dai bod ɗin Intel ɗin na DDR4 ka zaɓa. Sabon soket na AMD, AM5, DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda manyan kamfanonin AI suna kwashe shi. Ba ka da dalilin shiga wannan layi. Ka sa RAM 16GB sanda biyu na takwas-takwas, domin girafik na cikin furosesa daga RAM yake ɗiba, kuma sanda biyu sun fi ɗaya gudu nesa ba kusa ba. Ka sa SSD na NVMe don Windows da aikin da ke hannu, tsohon had dis ɗin da ka cire kuma ya zama ma'ajiya.

Wurin da ba na so ka yi rowa shi ne fawa fak. Nan ne masu haɗawa suke matse kuɗi don farashi ya yi daɗin ji, domin mai saye ba ya tambaya. Araha ba ta ado. Fawa fak marar suna in ya ƙone ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan ja bod da SSD, har da aikin mutane da ke ciki. Ka nemi na kamfani sananne irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus, wat 550 zuwa 650. Ya fi ƙarfin abin da kake buƙata yau, na sani, amma shi ne ƙofar da za ka bari a buɗe don ranar da kati zai zo. Ka haɗa da UPS, wato batirin da ke riƙe inji in an ɗauke wuta. Irin yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita a nan, inji marar UPS kullum a bakin rami yake.

Wutar kanta lissafi ce da ƙanenka bai yi ba. Tun Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu Band A, kowane yunit ya haura naira 200. Kwamfutar gem da monita in suna cikin aiki za su iya jan wat 350. Awa goma ke nan yunit uku da rabi, sama da naira 700 a rana, sama da dubu 20 a wata, in ma KEDCO ta ba ka wutar. In janareto ne, ka fi ni sanin abin da fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Injin da ba kati bai cika wuce rabin wannan ba, kuma ƙaramar inbata da sola za su riƙe shi. Kati yana cin kuɗi ranar saye, yana kuma ci kowane wata.

In aiki ya buɗe har ka ga fitar da bidiyo yana cinye maka yini, sai ka sayi kati daga ribar bidiyon, kada ka taɓa uwar kuɗi. RTX 3060 mai 12GB, wanda ya fito 2021, har yanzu yana da kyau ga mai haɗa bidiyo, wat 170 yake ci. RTX 4060 ya fi shi sauƙin wuta, wat 115, sai dai 8GB ne. Ka yi hattara da tokumbo. A Satumban 2022 Ethereum, wani kuɗin kirifto da ake haƙowa da katin girafik, ta daina amfani da haƙa, masu haƙar kirifto suka juye katunansu a kasuwa, waɗanda suka shekara da shekaru suna aiki dare da rana. RX 580 ya fi yawa a cikinsu, kuma akwai waɗanda aka yi wa kwaskwarima aka sa a sabon kwali. Ko a Beirut Road ka saya, ko a Banex ta Abuja, ko ka aika Computer Village ta Ikeja, sharaɗin ɗaya ne: a sa katin a inji a gabanka ko gaban wakilinka, a buɗe manhajar GPU-Z a ga sunansa na gaskiya, a ɗora masa nauyi na minti 20 ana kallon zafinsa, sannan a rubuta lambar jikinsa da kwanakin garanti a rasit. Mai kayan da ya ƙi wannan, ka yi masa sallama.

Wani kuskure da masu ƙaramin jari suke yi shi ne saye ɗaya-ɗaya: bod wannan wata, furosesa wata mai zuwa. Dalilinsu tsoron dala ne, kuma ban ga laifinsu ba, wanda ya ga dala ta tashi daga naira 460 da wani abu a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 dole ya ji tsoro. Amma garantin kasuwa kwanaki ne kaɗan, kuma bod ba ya gwaduwa sai da furosesa da RAM. Kafin ka cika kayan garantin na farko ya ƙare, in ya fito da matsala asararka ce. Tunda kuɗin na hannu, ka saye su a mako ɗaya, a haɗa a gwada. Ka kuma zaɓi akwati mai raga ta tare ƙura da fanka biyu aƙalla, ka ɗaga shi daga ƙasa. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu suna gajarta ran inji ko da mai tsada ne.

Sai maganar gem. Ban raina sana'ar ba, akwai masu ci da ita. Amma ka leƙa gidajen gem na unguwarku ka ga abin da suke ajiyewa: PlayStation da talabijin, yara bibbiyu suna buga ƙwallo. Dalili ke nan, na'urar ba ta da rigima, a kunna a miƙa fad. Kwamfuta ma tana karɓar fad biyu, sai dai wasannin da za a zuba mata mafi yawa na sata ne da aka fasa, kuma ta nan bairos yake shigowa. Ka ɗauka bidiyon bikin 'yar wani Alhaji yana ciki, saura kwana biyu ka miƙa, an wayi gari fayil ya ƙi buɗewa. Kuɗin gem na wata nawa ne zai biya wannan kunya? Ban da yara a shagon da ke cike da takarda da tawada da kayan mutane, kai kuma kana gida kana barci. Injin da ake neman abinci da shi ba a ba da hayarsa.

In ƙanenka da gaske yake, ka ce ya je ya tambayo farashin PS4 tokumbo da ƙaramar talabijin, ya ajiye kusa da farashin katin da yake so, ya kuma kawo maka lissafin wurin zama da wuta da abin da yaro ke biya a wasa. In lissafin ya tsaya, ka ba shi rance mai iyaka da rana tsayayya ta biya, a rubuce, ya yi nasa littafi daban. Kada ya wuce abin da in ya salwanta zumuncinku ba zai salwanta tare da shi ba.

Game da rabon adashin, ni da zan ware kashi ɗaya cikin uku in bar shi don takarda, tawada da ledar bana. Zaɓen 2027 na tafe, kuma ka san masu fosta ba sa jiran wanda zai ce bari in nemo kuɗin kaya. Sauran ya ishe ka SSD da RAM na tsohuwar, da sabon inji marar kati da UPS ɗinsa, in ka yi ciniki a shago uku kafin ka biya. Tsohuwar ka ajiye ta a gaba, yaron shago ya riƙa buga takardu da fitar da silif ɗin JAMB a kanta, sabuwar kuma ta koma ciki da lambar sirri, kai kaɗai ka san ta.