Ziyarar dangi a Jidda da yara

'Yar'uwa, kin tambaya ko wuni ɗaya zai ishe ku gidan tarihi da gaishe da dangi a Jidda. Zai isa, amma ki fara da dangin. Mu da muka fara da yawo, ko da muka isa gidan gwaggona yara sun galabaita, autana ya ɓingire da barci ko shinkafar bai taɓa ba. Har yau tana mita.

Ku ci abincin rana can, bayan la'asar ku nufi Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 2014. Can gidan tarihin Baitu Nasif yake, inda Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya, ya sauka a 1925. Tagogin katakon nan, rawashin, su suka fi burge 'ya'yana. Ki riƙe ruwa, tafiyar ƙafa ce.