Ku Tambayi Baba Likitan Dabbobi: Karyar Kango, Ƴaƴan Kyanwa da Jakin da Aka Yasar

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata yawancinsu matasa ne suka aiko, kuma kusan duka a kan dabbobin da ba su da mai su ne. Na ɗauki huɗu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Mu ƴan wata fada ne, wato majalisar matasa, a unguwar Ali Ɗan Sofo. Wata karya ta haihu cikin kangon da ke bayan inda muke shan shayi, ƴaƴa shida, yara kuma ba su da aiki sai jifarta. Mun ga a Facebook cewa a Turai akwai gidajen da ake tara karnuka da kyanwoyi marasa gata, muna so mu buɗe irinsa a Maradi. Ta ina za mu fara?

Amsa: Allah ya yi muku albarka, ƴaƴana. Wasiƙarku ta faranta mini rai ƙwarai. Amma shawarata, kada ku fara da gida.

Gidajen nan da kuka gani ba jiya aka kafa su ba. Na Battersea da ke Landan tun 1860 yake aiki, kuma abin da ke riƙe da shi gudummawar jama'a ce, da likitoci da ma'aikata masu albashi, da mutanen da ke zuwa kullum su ɗauki dabba su tafi da ita gida. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin abin. In ana shigowa ba a fita, wurin ya zama kurkuku. Ku kewaye fili ku zuba karnuka 30, kun ɗaura wa kanku ciyar da baki 30 safe da yamma, ga ruwa, ga shara, ga maƙwabta da za su kai ƙara wurin mai unguwa saboda haushi da dare. Cuta guda in ta shiga cikin kwikwiyoyin da ke cunkushe, sai ta share su cikin mako. Ranar da aljihu ya bushe kuma, wanda ke yawo a gari ya fi wanda kuka kulle samun abin ci.

Ku fara da ruwa. A Afrilu da Mayu zafin Maradi kan haura digiri 40, kuma ƙishirwa ta fi yunwa saurin kashe karya mai shayarwa. Ku samu tsohuwar roba ko ku yanke jarka biyu, ku binne rabinta a ƙasa cikin inuwa don kada a kifar, ku sa dutse a ciki saboda tsuntsu ko ƙadangaren da ya faɗa ya samu hanyar fita. A zubar da ruwan a sake sabo kowace rana, in ba haka ba sauro kuka yi wa gida. Abinci ku ajiye shi nesa da bakin kangon ku ja da baya. Karya mai jego ba ta san mai taimako da mai jifa ba, duk wanda ya miƙa hannu ga ƴaƴanta sai ta kai masa cizo.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane wajen 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yaran nan da ke jifar karyarku su ne a bakin haɗari. Ciwon yakan kwanta a jiki wata biyu ko uku ba tare da alama ba, har ciwon cizon ya warke a manta da shi. Da zarar alamun sun fito, mutum ya fara tsoron ruwa, to sai dai a yi masa addu'a. Wanda ya taɓa tsayawa a kan yaron da ke cikin wannan hali, yana son ruwa maƙogwaro na ƙi, ba zai sake cewa "ai ɗan karce ne" ba.

Saboda haka kowane ɗan fadarku ya haddace wannan. In kare ko kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a duba agogo, ba a kintata ba. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗaure. A tafi asibiti ranar, a nemi allurar rigakafi, a kuma cika allurai yadda aka tsara. Karen da ya yi cizon, in ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a sanar da likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 ko fiye. In kuka ga kare yana dalalar da miyau, baki a buɗe ya kasa rufewa, kada wani ya ce ƙashi ne ya maƙale masa ya tura hannu. Da yawa ta nan suka kamu.

Aikin da ya fi gina gida amfani shi ne allura ga karnukan. An tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ku da kuka san kowane lungu, ku bi gida gida ku rubuta karnukan unguwa, masu gida da na titi, ku kai lissafin ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi mai zaman kansa, ku tambayi kuɗin allurar da ranar da za a zo. Kowane ɗan fada ya riƙa ajiye dala 20 ranar Juma'a, kafin wata uku kun tara abin kirki. Ku sa ranar 28 ga Satumba a gaba, ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, ranar da Luwi Fasto ya rasu a 1895, mutumin da ya fara ceton yaro da wannan allura a Faransa a 1885.

In wani ya kawo shawarar a zuba guba a huta, ku ƙi. Karnukan wata unguwa za su cike gurbin cikin ƴan watanni, ba kuma wanda ya san lafiyarsu. Gawar da aka yar kuma ungulu ce ke ci ta mutu, ga shi dama ungulu ta yi ƙaranci a ƙasar nan.

Kwikwiyoyin ku bar su da uwarsu har su cika mako takwas, sannan ku nema musu masu riƙo. Masu lambu a bakin Gulbi, wajen Tibiri da Jiratawa da Madarumfa, da masu garke, suna bukatar karen gadi. Ku ɗauki hoto ku yaɗa a WhatsApp, amma ku ba wanda kuka san zai ciyar ya kuma yi allura. Ita uwar, ku tambayi likita batun aikin hana haihuwa, don karya na iya haihuwa sau biyu a shekara. Fiɗiya da dandaƙa ba aikin fada ba ne, kada ku gwada.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a unguwar Zariya. Na tsinci ƴaƴan kyanwa uku cikin kwali a bakin bola, idonsu bai buɗe ba. Na ba su madarar gari, ɗaya yana zawo. Zan iya ba shi farasitamol?

Amsa: A'a, ƴata, ko ɓalli kada ki ba shi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya guda tana kashe babbar kyanwa, balle jariri.

Tunda ido bai buɗe ba, ba su wuce mako biyu ba. Ɗumi suke bukata kafin abinci: ki zuba ruwan ɗumi a gora, ki naɗe da tsumma, ki ajiye a gefen kwalin. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi madara sai ya ɗumama. Zawon daga madarar garin ne, don ta shanu ce. In babu madarar da aka yi domin kyanwa, nonon akuya da aka tafasa ya huce ya fi sauƙi a cikinsu, kuma Maradi, garin jar akuya, ba ya rasa mai tatsa. Ki ba su da sirinji marar allura, ɗigo ɗigo, duk bayan awa biyu zuwa uku har da dare, suna kwance rub da ciki. In kika kwantar da su rigingine madarar na iya bi ta huhu. Bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa musu ƙarƙashin wutsiya, don a wannan ƙuruciyar ba sa iya fitsari da kashi sai uwa ta lasa. Mai zawon ki kai shi likita ya gani. Wani lokaci ana yin duk wannan wani ya mutu, kada ki ɗora wa kanki laifi.

Tambaya: Malam, da girmamawa, mutane na fama da tsadar tiyar hatsi, ku kuna maganar karnuka. Kuma ba najasa ba ne? Wani magidanci daga Sabon Gari.

Amsa: Na gode, Alhaji, kuma damuwarka gaskiya ce. Ban ce a cire loma daga bakin yaro a ba kare ba. Ƙanzo, ragowar tuwon da ya kwana, ƙashin da mahauci zai yar, ruwa rabin bokiti, su nake nufi. Allurar kare kuwa ɗan mutum take karewa.

Batun addini, Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne. An kuma halatta riƙe shi don gadin gona da garke da farauta. Ba dole ne ka shigar da shi gidanka ba. Ka hana ƴaƴanka jifarsa, wannan ma taimako ne babba.

Tambaya: Baba, akwai wani tsohon jaki da ke yawo kusa da makarantarmu, bayansa duk gyambo, an shafa masa baƙin mai. Mu ƴan aji ɗaya ne, muna son mu yi masa magani.

Amsa: Na san irin gyambon nan, ƴaƴana. Yana kan ƙashin baya daidai inda sirdin amalanke ke zama, gefensa ya yi tauri, tsakiyarsa ja, ƙuda sun yanyame shi, jakin yana karkaɗa fata ya kasa korarsu. Baƙin man injin da aka shafa don korar ƙuda ƙona naman yake, yana hana shi haɗewa. Haka garin batir.

Kafin ku taɓa shi ku je wurin mai unguwa ku faɗa masa, a yi cigiya. Jaki dukiya ce, kada alherinku ya koma zargin sata. Cinikin fatarsa zuwa Sin, inda ake dafa ta a yi magani, ya sa farashinsa ya hau har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Don haka duk wanda ya zo ya ce zai saye shi ya rage muku wahala, ku yi hattara da shi.

Ku tunkare shi ta wajen kafaɗa kuna magana a hankali, kada kowa ya tsaya a bayansa. Ku wanke man da sabulu da ruwan ɗumi, sannan ku riƙa wanke ciwon safe da yamma da tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri cikin rabin lita. Likitan dabbobi ya duba ko akwai tsutsa a ciki, ya ba da maganin shafawa da na ƙuda, ya kuma duba haƙoransa, don tsohon jaki sau da yawa rashin iya tauna ke ramar da shi. Ku ba shi inuwa, da harawa ko kara da ɗan dusa, da ruwa mai yawa, cikin zafi yana iya shanye lita 20 a yini. Kaya kuwa ko na kilo ɗaya kada a aza masa sai gashi ya tsiro a wurin.

Ku kuma ware ranar Asabar ku tsince ledar da ke kewayen makarantar. Dokar 2014 ta hana irin wannan leda a ƙasar nan, amma har yanzu tana ko'ina, kuma duk mahaucin da kuka tambaya zai gaya muku irin dunƙulen da yake cirowa daga tumbin awaki da tumaki. Jaki mai yunwa ma yana haɗiye ta, ta toshe masa hanji.

In mai shi ya bayyana, ku mayar masa a gaban mai unguwa, ba tare da gori ba. Yawancin masu amalanke talauci ne ya sa suke aiki da dabba mai ciwo. Ku haɗa masa matashin sirdi da tsohon bargo ko buhun auduga, banda buhun leda mai goge fata, ku nuna masa yadda ake barin rami a tsakiya don kada katako ya taɓa ƙashin baya.

Masu tambaya kan kaska da ƙuma, amsarku na fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.