Tambaya da Amsa: Facin da ke jikin ƙaramin jirgi

Tambaya: Malam, ina koyon gyaran jirgin sama a Zariya. Idan aka kawo tsohuwar Cessna 172 daga Amurka, yaya zan gane an yi mata gyaran ganin ido?

Amsa: Ƙanena, fara da takardu kafin ka taɓa jirgin. A Amurka, babban gyara galibi ana cike masa fom 337 na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar. Ka ga faci a fiffike amma babu shi a littafin jirgin? To, akwai lauje cikin naɗi.

Sai ka ɗauki tocila da ƙaramin madubi, ka buɗe ƙananan murafun da ake leƙa cikin jikin jirgi ta wurinsu. Ni ƙusoshin ribit, masu haɗa fallayen jikin jirgi, nake fara kallo. Su jeru daidai, kuma tsakanin tsakiyar kowace da bakin falle ya kai aƙalla ninki 2 na kaurinta. Baƙin layi kamar hayaƙi a bayan ƙusa na nufin ta yi sako-sako tana cin alminiyom. Ribit ɗin kanti da ake ja da filaya ba ta da hurumi a ƙashin fiffike, ko an shafe ta da fenti mai sheƙi.

Maganaɗisun da masu sayen mota ke gano foti da shi ba ya kama alminiyom, don haka ƙwanƙwasa da kwabo. Inda sauti ya dushe, an cike lotsawa.

Leƙa bangon da ke bayan inji kuma. Jirgin da ya dira da tayar gaba da ƙarfi yakan yamutse a wurin, kusa da inda ƙafar tayar ta kama.