Tambaya da Amsa: Sabunta Manhajar Rauta

Tambaya: Malam, rautar gidana (na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi) tana yawan yanke intanet, an ce in sabunta manhajar cikinta. Yaya ake yi? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, fara juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai lambar samfuri, kusa da ita kuma wata kamar V2 ko V3, wato sigar ƙirar rautar. Nan mutane ke yin ɓarna, domin fayil ɗin sabuwar manhaja na V2 ba na V3 ba ne, ko da sunansu ɗaya. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke shi, in a ƙunshe yake (zip) ka warware.

Haɗa kwamfuta da rautar ta wayar kebul, ban da Wi-Fi. Rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, shiga da kalmar sirri, ajiye kwafin saitinka, sannan ka nemi Firmware Upgrade, wato sabunta manhaja, ka zaɓi fayil ɗin.

Yawanci aikin ba ya wuce 'yan mintuna, amma in aka ɗauke wuta a tsakiya, manhajar ta rubutu rabi, rautar na iya ƙin tashi sam. Saboda haka jona ta a inbata ko UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke) tukuna. Fitilunta za su yi ta ƙyaftawa, kada ka taɓa ta sai ta sake kunna kanta.