Wankin Ciki Bayan Ɓari: Shirin Rage Yawanmu Ne?

Tambaya: Likita, matata ta yi ɓarin cikin wata uku, jini ya ƙi tsayawa. A asibiti an ce sai an yi mata wankin ciki, amma abokina ya ce zubar da ciki ne a fakaice, shirin Turawa na rage yawanmu. Hankalina a tashe yake. In yarda?

Amsa: Malam, Allah Ya ba ta lafiya, Ya mayar muku da alheri. Ka mayar da ita asibiti yau.

Siyasar da abokinka ya ji labari akwai ta. A 1974 gwamnatin Amurka, a ƙarƙashin kulawar ministan harkokin wajenta na lokacin, Henry Kissinger, ta shirya rahoto kan ƙasashe 13 da ƙaruwar jama'arsu ta dame ta, har da Najeriya. Sin ta tilasta wa mata zubar da ciki a zamanin dokar ɗa ɗaya. Romaniya kuwa a 1966 haramtawa ta yi don jama'a su ƙaru, dubban mata suka mutu a hannun masu yi a ɓoye. Amma ita Amurkar, tun 1973 dokarta ta hana kashe kuɗin tallafinta wajen zubar da ciki don tsara iyali. Kuma a nan Arewa, dokar Final Kod ba ta halatta zubarwa ba sai don ceton ran uwa.

To, ina ruwan wannan da matarka? Cikinta ya riga ya fita. Abin da ya rage guntun mabiyiya ne maƙale a mahaifa, shi ke hana ta tsukewa, shi ya sa jini ke zuba. In aka bar shi ruɓewa zai yi. Kullum ina ganinsu: a riƙe mace kwana huɗu a ɗaki ana ɗura mata jiƙo, mai kemis ya yi mata allurar tsayar da jini, sai ta fara wari da zazzaɓi a kawo ta cikin Keke Napep, tafin hannunta fari fat, zani ya jiƙe. Aikin da ba ya wuce minti 20 ya koma neman jini leda uku da tsakar dare, wani lokacin har cire mahaifa. Haihuwar da ake cewa ana karewa, ita aka rasa ke nan. Wallahi abin yana ci mini rai, domin masu yaɗa maganar a WhatsApp ba sa zuwa ba da jini.

In kana shakka, ka ce a yi mata hoton ciki a nuna maka da idonka. Maganar tazarar haihuwa kuma, in an kawo ta a asibiti, shawara ce, ba wanda ya isa ya yi mata komai sai da yardarta. Amanar ranta na wuyanka, Malam, kuma za a tambaye ka. Ka tafi da 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini.